Kafin Ka Sayi Wuƙar Farauta Mai Zane

Zanen nan mai kama da igiyar ruwa da ke kwance a jikin wuƙar Damaskus ba fenti ba ne. Maƙeri ne ke jera ƙarfe iri biyu, yawanci 1084 da 15N20, ya gasa su, ya yi ta duka har su haɗe, ya ninka, ya sake duka. Idan ya gama sai ya tsoma ta a asid. Ƙarfe mai nikel ya fito fari, ɗayan ya yi baƙi. Wani maƙerin Amurka, Bill Moran, shi ya farfaɗo da wannan aiki a 1973.

To, tunda zanen ke sayar da ita, 'yan jabu ma sun iya shi. Kada ka tsaya kallon fuskarta. Juya ta ka dubi gadon bayanta da gindin ƙota. Ta gaskiya za ka ga layukan sun ratsa ƙarfen, wadda aka zana wa a sama kuwa bayanta sumul yake. Ka kuma tabbatar ƙarfen ya zarce cikin ƙota har ƙarshe, domin a nan wuƙa ke karyewa idan aiki ya yi tsanani.

Abin da ya fi damuna shi ne masu biyan kuɗi saboda yawan ninki. Ninki 300 ba ya ƙara kaifi ko kaɗan. Kaifi yana wajen yadda aka gasa ƙarfen aka kashe shi a mai. Nemi izinin mai kaya ka yanka igiya mai kauri sau da yawa, ka feƙe busasshen itace, sannan ka gwada ta a takarda. Idan ta dakushe tun a nan, bar masa abarsa komai kyanta. Don fiɗar gada ko barewa, tsawon inci 4 ya ishe ka.

Wannan ƙarfe ba ya shiri da jini da danshi. Da ka gama fiɗa ka wanke ta, ka goge ta bushe ƙarau, ka shafa mata mai kaɗan. Kada ta kwana watanni a kuben fata, musamman da damina, domin fata na riƙe laima, tsatsa kuma sai ta cinye zanen. Bakinta kaɗai za ka ɗora a dutsen washi. Saran ƙashi kuwa aikin adda ne.