Sikelin Alhaji lafiyarsa ƙalau, suna ne ya saɓa

Har yanzu raina a ɓace yake kan abin da na tarar a wani shagon sari a titin Koudoukou, kusa da babban masallacin KM5 a Bangui. Mai shagon dattijo ne Bahaushe, shinkafa da sukari da man girki yake sayarwa. Ya sa an kawo masa sikeli mai haɗuwa da kwamfuta daga Duwala, kuma duk wanda ya san hanyar Garwa-Bulai ya san wuyar da kaya ke sha kafin su iso. Wani yaro mai kiran kansa injiniya ya karɓi aikin rubuta manhajar rasit. Da ya zo haɗawa, linka, wato mai haɗa sassan manhaja, ta ce masa "undefined reference". Sai ya ce wa Alhaji sikelin jabu ne, a yo odar wani. Bawan Allah ya sake zuba kuɗi. Na biyun ma haka.

Da na je, Alhaji ya ja ni gefe ya ce, "Malam, faɗa mini gaskiya, ko hannu aka sa mini a sana'a?" Na ce, "Baba, ba hannun kowa, bari in duba."

Na buga nm, umarnin da ke nuna sunayen da ke cikin fayil, a kan laburaren kamfanin da ya ƙera sikelin. Ga sunan aikin da ke karanta awo nan a fili, read_weight, domin da C aka rubuta shi. Yaron kuwa da C++ yake aiki, shi ya sa g++ take neman _Z11read_weighti. Tun GCC 3.0 a 2001 haka take yi: _Z a gaba, tsawon suna, sunan, sai nau'in abin da ake miƙa wa aikin, don ta bambance ayyuka masu suna ɗaya. Kamar a ɗoro buhu da sunan Musa, kai kana tasha kana cigiyar na Musa ɗan Audu mai goro. Layi ɗaya, extern "C", shi ke nan maganin.

Abin da ya fi ƙona mini rai yana gaba. Fayil ɗin header na kamfanin yana cikin filashin da ya zo da sikelin, da #ifdef __cplusplus ɗinsa a shirye. Yaron bai buɗe shi ba. Da ka ya rubuta nasa, ya ce aikin int yake mayarwa, alhali double ne. Da haɗin ya yi a haka, linka ba za ta ce uffan ba, don sunan C ba ya ɗauke da nau'i ko ɗaya. Lambar banza ce za ta riƙa fita a rasit, Alhaji yana tauye wa mutane awo bai sani ba, a unguwar da amana ce jarin ɗan kasuwa.

'Yan'uwa masu rubuta manhaja, kada ku rubuta header da ka. Kafin ka ce na'ura ta lalace, buga nm, ka wuce da sakamakon ta c++filt. A Windows, dumpbin. Laburaren C++ da MSVC ta gina, kada ka jona shi da MinGW, a MSVC ?read_weight@@YANH@Z ake kiran aikin nan, kuma saɓanin ya wuce na suna. Ita kuma gfortran tana ƙara _ a ƙarshen suna, yi amfani da bind(C). In ka ga __cxx11 a saƙon kuskure, canjin GCC 5 na 2015 ne. Kuma na sake faɗa, kada ku rubuta header da ka. extern "C" suna kawai take gyarawa, duba nau'i aikinka ne.

Ku kuma alhazai, duk wanda ya ce kayanku jabu ne, ku ce ya nuna muku saƙon kuskuren, ku kai wa wani ya karanta kafin ku sake fitar da ko sefa ɗaya.