Kimiyya a Sauƙaƙe: Kaucin Ƙaguwa

Manomi a ƙasar Hausa ya san ƙuduji, wanda waɗansu ke kira wuta-wuta. Akwai irin da ke kama gero da dawa, akwai kuma mai kama wake, kowanne da abin da ya ke ci. Haka nan ya san kauci, mai tsirowa bisa reshen itace yana shan ruwan jikinsa. To, a cikin teku ma akwai wata halitta mai irin wannan hali, wadda masana suka raɗa wa suna Sakulina. Ita ƙaguwa ta ke kamawa.

Wanda ya kama ƙaguwa a bakin tekun Faransa, ya birkice ta, wani lokaci ya kan tarar da wata 'yar jaka maƙale a ƙarƙashin cikinta, daidai wurin da mace ke riƙe ƙwai. Sai a yi tsammani ƙwai ne. Amma ƙwai tsaba-tsaba ne, jakar nan kuwa sumul ta ke, da 'yar kafa guda. Har wa yau a kan same ta a jikin namiji, wanda ba shi da abin yi da ƙwai. Ba ta da ido, ba baki, ba ƙafa. Yaya za a san danginta?

Masana suka gane ta daga 'ya'yanta. A cikin shekara ta 1836 wani likita Bature, John Vaughan Thompson, ya ba ta suna, ya kuma lura 'ya'yanta sun yi kama da na waɗansu 'yan ƙwarin teku masu ɓawo, masu maƙalewa a duwatsu da gindin jiragen ruwa. Ashe danginsu ce.

Sauran labarin wani Bafaranshe ne ya warware shi, watau Yves Delage, wanda ya zama babban malami a Jami'ar Sorbonne ta birnin Paris. Ya yi aikinsa a gidan binciken halittun teku na Roscoff, ya bayyana abin da ya gani a 1884. Ɗan Sakulina ya kan yi iyo har ya sami ƙaguwa, ya maƙale a gindin wani gashi na jikinta, inda ɓawo ke da taushi. Sa'an nan ya yar da ƙafafunsa, ya huda wurin da wani tsinke kamar allura, ya tura ɗan abin da ya rage na jikinsa ciki. A can sai ya yi saiwoyi, su bazu ko'ina suna tsotson abinci. Daga baya jakar nan ta ɓullo waje, cikinta ne ƙwan Sakulina ke girma.

Wani masani, Alfred Giard, wanda shi ma ya koyar a Sorbonne, ya nuna irin ɓarnar da ta ke yi. Ƙaguwar da ta kama ba ta haihuwa. In jakar ta fito, ba ta ƙara saɓa, saboda haka ba ta ƙara girma. Namiji kuwa cikinsa ya kan yi faɗi kamar na mace, ya riƙa share jakar yana kaɗa mata ruwa, sai ka ce ƙwan kansa.

Wannan halitta iri-iri ce, kuma rarrabe su da wuya, gama jaka duk jaka ce a ido. Masana su kan duba fatar jakar da madubin ƙara girman abu, a zamanin nan kuma suna gwada ƙwayoyin gado. Sanin irin ƙaguwar da aka same ta a kai yana taimakawa ƙwarai, amma bai isa shaida ba, domin wata Sakulina ta kan kama ƙaguwa fiye da iri guda.

Amfanin wannan sani ya fito fili a Amurka. Koriyar ƙaguwar Turai, wadda Sakulina ta fi kamawa, ta ɓulla a gaɓar San Francisco a 1989, ta shiga cinye ƙananan halittun wurin. Sai aka yi shawarar a kawo mata Sakulina daga Turai don ta hana ta yaɗuwa. Kafin a yi haka aka gwada a ɗakin bincike da ƙaguwoyin ƙasar iri huɗu, aka bayyana sakamako a 2005. Sakulina ta fi son koriyar, amma ta kama na ƙasar su ma. Ba ta iya fid da jaka a jikinsu ba, duk da haka waɗanda saiwoyinta suka bazu a cikinsu sun mutu. Ɗaya daga cikinsu kuwa babbar ƙaguwa ce wadda masunta ke ci da iyali da ita.

Da an saki Sakulina ba gwaji, da mai yiwuwa ne an yi gudun gara an faɗa gidan zago, gama abin da aka zuba a teku ba ya kwasuwa. Saboda haka kafin a ɗauko wata halitta a yaƙi wata da ita, wajibi ne a san sunanta sosai, a kuma san dukan abin da ta ke iya kamawa.