Kafin ka biya kuɗin gida a Agege

Na ji ka tara ɗan abin da ka tara kana neman gida a nan Agege, har an miƙo maka takardar mai ƙiyasi da hatimi a kanta, kai kuma kana jin nauyin tambayar yadda aka yi kuɗin ya kai haka. To, tambaya ba rashin kunya ba ce, domin wanda ya rubuta takardar nan ɗan Adam ne, dubawa ya yi ya faɗi ganinsa, saboda haka sai ka fara sanin wa ya ɗauko shi, wa ya biya shi. In mai gidan ne, ko dillali wanda la'adarsa ke ƙaruwa in farashi ya hau, ka nemo naka mai ƙiyasin, mai rajista da hukumarsu ta ESVARBON wadda dokar 1975 ta kafa.

Ka tambaye shi cikin ladabi da waɗanne gidaje ya gwada wannan, kuma shin an sayar da su ne, ko kuwa kuɗin da masu su ke buri kawai ya ji a bakin dillalai. Tun da aka buɗe gadar sama ta Pen Cinema a 2021, aka kuma ƙaddamar da jirgin ƙasa na Red Line a 2024, kowane mai gida gani yake tashar a ƙofarsa take, alhali gidan bakin titi daban, na can cikin lungu inda kwata ke cika ta shiga ɗaki da damina daban. Ka je da ƙafarka bayan an ɗauke ruwa, ka dubi gindin bango, ka gaisa da maƙwabta, domin su ba la'ada suke jira ba.

Sai takardu, kuma nan ne ƴan'uwanmu da yawa suka yi kuka. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasa a hannun gwamna, saboda haka gida mai takardar shaidar mallaka ta C of O ba kuɗinsu ɗaya ba da wanda rasit ɗin dangi kaɗai ke gare shi, wanda gobe omo onile, wato ƴaƴan masu filin na asali, za su iya tsayawa a ƙofarsa su ce ba da su aka yi ciniki ba. In ƙiyasin bai taɓo wannan ba, ka tambayi dalili.

In kuwa dillali ya ce wani Alhaji na tafe da kuɗi gobe, ka ce masa ka ji, amma sai ka dawo daga ofishin filaye na Alausa tukuna.