Darasi: Sabulun Kyauta Sai Ya Nuna

'Yan'uwa manoma na ƙungiyoyinmu a Tarai da sauran ƙauyukan Kibiya da Rano, darasinmu na wannan wata a kan sabulun gida ne.

Mun sani sabulu yana cikin kayan barka da ake kai wa maijego, yana kuma cikin lefe. Amarya takan jera shi a ɗaki domin ado. To, da yake muna noman gyaɗa, ga kaɗanya a gonakinmu, ba lalle sai mun saya ba. Amma sabulun da bai nuna ba yana ƙona fata. Fatar jariri kuwa ba ta da ƙwari. Sabulu guda ɗaya mai zafi ya isa ya ɓata sunan ƙungiya a gari duka.

Iri biyu muke yi. Na fari shi ne sabulun salo, wanda iyayenmu mata suka gada. Akan ƙone karan dawa ko na gero, a tace tokar da ruwa, a dafa ruwan tokar da mai har ya kama. Yarabawa da mutanen Gana da ɓawon koko suke yin nasu. Na biyu shi ne na soda, wanda ake yankawa sanda sanda.

Ga ma'aunin na soda. Kilo 1 na man gyaɗa yana bukatar soda giram 130. Kilo 1 na man kaɗe kuwa giram 120. Ruwa kashi ɗaya cikin uku na lita. A auna da sikeli, kada a yi da ka. In soda ta yi yawa, mai ba zai iya cinye ta ba, ragowar ce take cin fata.

Abubuwan lura:

1. A zuba soda cikin ruwa a hankali. Kada a zuba ruwa a kan soda, gama takan yi tsartuwa.
2. Kada a yi aikin a tukunyar alminiyam, soda tana cin ta. Bokitin roba mai kauri ya fi.
3. A rufe hannu, a kiyaye ido, a kori yara daga wurin.
4. Bayan an yanka, a jera sandunan a kan katako cikin inuwa inda iska ke ratsawa, mako 4 zuwa 6, ana juya su. Lokacin hunturu ya fi kyau domin wannan.

Wajen ajiya kuma, sabulun salo yakan sha danshi da damina ya yi laushi, saboda haka a rufe shi da kyau. Na soda a naɗe shi cikin takarda, a sa a sama inda ɓera ba zai kai ba. A rubuta ranar da aka yi shi a jikin takardar.

Kafin mu ba kowa, mu fara gwadawa a hannunmu. In ya yi zafi ko fata ta yi ja, a bar shi domin wanki kaɗai.

Tambayoyi domin taro:

1. Ƙungiyarmu tana da sikeli?
2. Wa za mu sa ya riƙa gwada sabulu kafin ya fita?
3. In za a yi biki a watan Disamba, yaushe ya kamata a fara aikin?