Awizo huɗu a aljihun ɗan Banga

Shekarata tara ina aikin tafinta a Poland, daga Hausa zuwa Polanci. Yau kotu, gobe asibiti, jibi ofishin jami'an tsaron iyaka. Abin da na gani a watan Fabrairun da ya wuce kuwa har yanzu yana tsaye mini a maƙoshi.

Da sassafe aka bugo cewa an kai samame wata ma'aikatar gyaran kaji, an kama baƙi, a cikinsu akwai wanda ya rikice yana ta wani yare. Ina shiga na yi sallama, sai yaron ya ɗago ya ce, "Kawu, don Allah mi na yi musu?" Wannan "mi" ta gaya mini inda ya fito. Ɗan Banga ne, ni kuwa a Ƙaura Namoda aka yanke mini cibiya.

Difiloma ya yi a kwalejin kimiyya da fasaha ta Ƙaura. Kowa ya san halin da yankinmu ke ciki, noma ya zama sai da kasada, don haka mahaifinsa ya kai bijimai biyu kasuwar Shinkafi, ya jinginar da gona, aka damƙa wa wani dillali kuɗin. Dillalin ya samo makaranta mai koyarwa da Turanci, ya ce musu ai Turai ce, kowa na jin Turanci. Ƙarya ce. Malamin jami'a zai yi maka Turanci, amma takardar hukuma da Polanci take zuwa, ɗan fasa ofis ma da Polanci yake barin saƙo.

Yaron bai yi sakaci da farko ba. Kafin bizarsa ta ƙare ya shigar da neman karta pobytu, wato katin izinin zama, aka buga masa hatimi a fasfo, ya saki jiki. Sai ofis ya aiko yana neman shaidar kuɗi da ta inshora. Ba a same shi a gida ba, aka bar masa awizo, wato takardar da ke cewa ya je fasa ofis ya karɓi wasiƙar. Bayan kwana 7 aka bar na biyu. Kwana 14 na cika, doka ta ɗauka wasiƙar ta shiga hannunsa. Daga baya hukuncin ƙin amincewa ya biyo ta wannan hanya, awizo biyu kuma. Kwana 14 na ɗaukaka ƙara suka shige yana can yana figar kaji, yana yawo da hatimin da ya riga ya mutu.

Da na tambaye shi ko ya taɓa ganin wasu ƙananan takardu a akwatin wasiƙu, sai ya laluba aljihu ya zaro su. Duk huɗun. Ya ɗauka takardun talla ne, ya riƙa rubuta lambobin waya a bayansu. Sai da na nemi izini na fita na sha iska.

Wata 19 ya yi a ƙasar, jarinsa na Polanci bai wuce tak (eh) da dobrze (to) da dziękuję (na gode) ba, sai ashar ɗin da ya tsinta a wurin aiki. Kwantiraginsa ma na duba: umowa zlecenie, ta aikin ƙwadago, ya sa wa hannu yana zaton umowa o pracę ce, ta cikakken ma'aikaci, ana zare masa kuɗin ɗaki da na mota bai san da su ba. Na ce me ya sa ka sa hannu? Ya ce, "Kawu, matar tana ta magana, ni kau ina ta tak, tak, kunya nika ji in ce ban gane ba." Kunyar nan ta lashe bijimai biyu. Bai ma san cewa in ɗan Poland ya ce "no", sau da yawa "eh" yake nufi ba.

Masu cewa harshen ya gagara, ku bar faɗa mini haka. Da wuya, ban musa ba. Suna yana sauya wutsiya ta fuska bakwai, garin da kake kira Warszawa in kana cikinsa w Warszawie ne, in za ka je shi do Warszawy. To amma wanda ya zauna gaban malamin zaure ya sha rafa'u da nasabu da jarru ai ya san dawan garin, huɗu aka ƙara masa. Bakin da ya iya ƙ da ɗ da ts kuma bai kamata sz da cz su firgita shi ba. Tun shekarun 1950 akwai makarantar koyar da baƙi Polanci a Lodz, 'yan Afirka da dama sun ratsa ta cikin shekara guda sun shiga likitanci da injiniyanci. A Jami'ar Warsaw kuwa Hausa ake koyarwa shekaru aru-aru. Mutum bakwai ɗin nan 'yan Poland da aka tsare a Kano a watan Agustan 2024, ɗalibai shida da malamarsu, Jami'ar Bayero suka zo. Su sun taso daga can don harshenmu, namu yana kwana cikin nasu ya kasa karanta rabin shafi.

Haushina ya fi yawa a kan 'yan cike fom, kuma namu ne baƙaƙen fata. Mutum bai iya haɗa jimla uku ba, ya karɓi kuɗinka ya cike maka takardar hukuma, in ta ɓaci ya kashe waya. Akwai kuma malaman TikTok masu Polanci cikin kwana 30. Wata 30 ma ka gode Allah in ka yi jayayya da mai gidan haya ka ci. Manhajar fassara tana taimako, amma ba ta zuwa fasa ofis ta karɓo maka wasiƙa.

Kai da ke Poland, kada ka sa hannu a abin da ba ka karanta ba. In ba ka gane ba ka ce nie rozumiem, wato ban gane ba, ka nemi tafinta. In ka ga awizo, ranar ka tafi da fasfonka ka karɓo. In ka sauya gida ka sanar da ofis a rubuce. Ka shiga aji tun watan farko, domin takardar zaman dindindin ta Tarayyar Turai da zama ɗan ƙasa duk sai da shaidar iya Polanci matakin B1. Na sake faɗa, kada ka sa hannu.

An ba yaron kwana 30 ya fice, da haramcin shiga yankin Shengen na wani lokaci. Ni na fassara masa hukuncin kalma bayan kalma, ni kuma na raka shi filin jirgi. Bayan sati biyu mahaifinsa ya bugo daga Banga, muka gaisa, ya yi godiya, sannan ya ce, "Malam, ko akwai abin da za a iya maido muna cikin kuɗin ga?" Na ce babu, Baba.

Duk mai ɗa ko ƙane a Poland ya buga masa waya yau, ya tambaye shi yaushe rabonsa da buɗe akwatin wasiƙunsa, kuma wa ya karanta masa abin da ya tarar.