Rufe Littafin Shekara: Jan Hankali ga 'Yan Kasuwar Maiduguri

Jama'a, a ranar 26 ga Fabrairu 2023 gobara ta cinye babbar Kasuwar Monday ta Maiduguri. Ba a gama farfaɗowa ba, sai ga ambaliyar 10 ga Satumba 2024, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya shiga gidaje da rumfuna. A duka lokutan biyu kaya sun salwanta, amma bashi bai ƙone ba, ruwa kuma bai tafi da shi ba. Wanda ya san abin da yake bi da abin da ake bin sa ya fi saurin miƙewa. Saboda haka wannan takarda za ta yi bayani a kan abu biyu: gyaran lissafi na ƙarshen shekara, da rarraba basussuka gida-gida.

Kuɗin aljihu daban, riba daban

Ya kai ɗan kasuwa, kada cikar akwatin kuɗi ta ruɗe ka. Wani abin da ke ciki na mai kawo maka kaya ne, wani na yaran shago, wani na hukuma. Ƙa'idar da akantoci ke bi ita ce: kowace shekara ta ɗauki cinikinta da ɗawainiyarta, ko kuɗi sun shiga hannu ko ba su shiga ba. Wannan ba baƙon abu ba ne a ƙasar Barno. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi. Malaman Malikiyya kuma sun karantar da cewa ɗan kasuwa mai jujjuya haja zai yi wa kayansa ƙima idan shekara ta zagayo, ya haɗa da kuɗin hannunsa da bashin da yake sa ran za a biya shi, kafin ya fitar da zakka. Wanda ya saba da wannan ya riga ya ci rabin tafiya.

Gyare-gyare guda biyar

Na farko, abin da aka ci moriyarsa ba a biya ba. Albashin Disamba da za a bayar a Janairu na Disamba ne. Haka kuɗin wutar da kamfanin YEDC bai kawo takardarsa ba tukuna, da la'adar dillali, da kuɗin dakon motar da ta riga ta sauke kaya. A rubuta su cikin ɗawainiyar bana, a kuma rubuta su cikin bashin da ake bin shago.

Na biyu, abin da aka biya tun kafin a mora. Misali, ka biya hayar shago naira 600,000 ranar 1 ga Oktoba, ta shekara guda. Wata uku kaɗai ka zauna kafin ƙarshen Disamba, wato naira 150,000. Sauran 450,000 dukiyarka ce da ke hannun mai shago, ta baɗi ce. In ka ɗora wa bana duka, ka rage ribar bana, ka kumbura ta baɗi.

Na uku, kafin alƙalami. Mai sayen wake ko bandar kifi daga Legas ko Onica ya turo rabin kuɗi, kai kuma ba ka yi lodi ba daga kasuwar hanyar Baga. Wannan kuɗi bai zama ciniki ba. Amana ce a wuyanka har ranar da kaya suka tashi.

Na huɗu, tsufan kayan aiki. Tun da aka lalata turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu a Janairu 2021, garin ya daɗe cikin duhu, mutane da yawa suka koma ga janareta da sola. Waɗannan kaya kullum daraja suke zubarwa. In ka sayi janareta naira 1,200,000, kana sa ran zai yi shekara 5, to cire 240,000 daga ribar kowace shekara. Wanda bai cire ba yana cin uwar kuɗinsa yana zaton riba ce, sai ranar da injin ya tsaya ya rasa na sayen wani.

Na biyar, ƙidayar haja da tantance masu riƙe da kuɗinka. A shiga sito a ƙirga da hannu. Atamfar da ruwa ya taɓa, ko maganin da wa'adinsa ya kusa, a rubuta su a kan abin da za su iya kawowa yau, in ya gaza kuɗin da aka saye su. Bashin wanda ya yi ƙaura aka rasa labarinsa, a ware shi cikin wanda ake shakka, kada a ƙirga shi kamar kuɗi a hannu.

Rarraba basussuka

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Abin kunya shi ne mutum ya kasa faɗin nawa ne, na wane ne, kuma yaushe za a zo karɓa. Ma'aunin da ake bi wata 12 ne daga ranar rufe littafi.

Gida na farko, bashin kusa, wanda za a biya cikin wata 12. Nan ake sa kuɗin masu kawo kaya daga Kantin Kwari ko Singa ta Kano, da albashin da ya rage, da kafin alƙalami, da zubin adashin da ka riga ka kwasa. Kamfani mai rajista zai ƙara harajin kaya na kashi 7.5 cikin 100 da ya karɓa a madadin gwamnati, da harajin da ya yanka daga albashin ma'aikata don hukumar tara kuɗin shiga ta Jihar Barno, da kuɗin fansho. Waɗannan kuɗin mutane ne, juya su cikin haja ganganci ne.

Gida na biyu, bashin nesa, wanda wa'adinsa ya wuce shekara. Amma a nan ne ake yawan tuntuɓe. A ce banki ya ba ka naira miliyan 3 da za ka biya cikin shekara 3, miliyan ɗaya kowace shekara. Miliyan ɗayar da za a biya baɗi ta shiga gidan kusa, miliyan 2 ne kawai na nesa. Haka abin yake ko da bankin na tsarin Musulunci ne, irin su Jaiz.

Gida na uku, bashin wataƙila. Ka tsaya wa ƙaninka a banki, ko wani ya kai ka kotu ba a yanke hukunci ba. In alamu sun nuna lalle za ka biya, kuma ana iya ƙiyasta adadin, a ware masa kuɗi cikin lissafi. In abu ne mai yiwuwa kawai, a rubuta bayaninsa a ƙarƙashin lissafin domin abokin tarayya da magada su sani.

Masu fatauci ta Gamborun Ngala da Banki zuwa Kamaru da Chadi su ƙara kula. Bashin sefa ko dala, da canjin ranar rufe littafi ake auna shi. Kafin Yuni 2023 dala ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati, cikin 2024 kuwa ta haura 1,000. Wanda ya bar bashinsa a tsohon canji ya ɓoye wa kansa fiye da rabinsa.

Abin da za a yi

Bayan an gama, a jera kuɗin hannu da na banki da hajar da za ta sayu da bashin da ake sa ran karɓa a gefe guda, bashin kusa a ɗaya gefen. In gefen bashi ya rinjaya, ba lokacin ƙara aure ko sayen fili ba ne, lokacin zuwa wurin masu kaya ne a nemi ƙarin wa'adi tun ana ganin mutuncin juna. Wanda lissafi ya fi ƙarfinsa ya nemi akanta. Jami'ar Maiduguri da Kwalejin Ramat suna yaye su, ladansu kuma bai kai asarar kuskure guda ba. A ɗauki hoton kowane shafi da waya, a ajiye kwafi a wajen kasuwa, a kuma sa ranar biya a gaban kowane bashi. Allah Ya sa albarka a cikin nema, Ya raba mu da bashin da ba mu da halin biya.