Yadda Ake Neman Labarin Wanda Aka Tsare a Gidan Waƙafin Gunduma a Amurka

Tun da 'yan'uwanmu suka yawaita a biranen Amurka, waɗansu suna tuƙin tasi a Niyok, waɗansu suna neman ilmi a Shikago, waɗansu kuwa suna fatauci a Houston da Atlanta, ya zama ba abin mamaki ba ne a wayi gari wayar mutum ta daina shiga, a kwana biyu shiru, sa'an nan labari ya iso gida a gutsure cewa hukuma ta kama wane. Abin da ya kamata iyali su sani a irin wannan hali shi ne, a galibin jihohin ƙasar, rajistar waɗanda aka tsare a buɗe take ga jama'a, har wanda yake zaune a Kano ko Kumasi ko Damagaram yana iya duba ta da wayar hannunsa, ba tare da ya biya ko anini ba, muddin ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Farkon aiki shi ne a tabbatar da wurin da aka yi kamun, domin babu rajista guda da ta tattara dukan tsararrun ƙasar. Amurka jihohi 50 ce, an kuma rarraba su zuwa gundumomi fiye da 3,000, kuma galibin gundumomin nan kowacce da gidan waƙafinta a ƙarƙashin wani jami'i da ake kira sherif, wanda yawanci jama'ar gundumar ne suke zaɓensa. A nan ake ajiye wanda yake jiran shari'a, da wanda aka yanke masa ɗaurin da bai wuce shekara guda ba. Abin lura shi ne gundumar da aka kama mutum a cikinta ake nema, ko da a wata gundumar yake zaune. Shikago tana cikin gundumar Cook, mafi yawan Houston a Harris, mafi yawan Atlanta a Fulton, Greensboro kuwa a Guilford. Birnin Niyok ya fita daban, gama gidajen waƙafinsa, har da na tsibirin Rikers, ma'aikatar gidajen yari ta birnin ce take gudanar da su, da rajista guda ga dukan sassan birnin biyar.

In an san gunduma, sai a tanadi cikakken sunan mutumin kamar yadda yake rubuce a fasfo ko lasin tuƙinsa, da ranar haihuwarsa. A nan ne mutanenmu suka fi shan wahala, sabili da sunan da ake kiran mutum da shi a gida sau da yawa ba shi ne a takardunsa ba, kuma kwamfuta ba ta san laƙabi ba, ba ta kuma yin uzuri a kan harafi ɗaya. Wanda kuke rubuta wa Muhammadu wataƙila Mohammed ne ko Mahamadou a takarda, kuma ba wuya jami'in da ya rubuta shi cikin dare ya juya sunayen, ya sa na uba a gurbin na yanka. Saboda haka a jarraba kowane salo na rubutun, a jarraba juya sunayen, in shafin ya yarda a sa haruffa uku ko huɗu na farkon sunan kaɗai. A tuna kuma mutanen Amurka wata suke fara rubutawa kafin rana, wato 03/07 a wurinsu bakwai ga Maris ne.

Daga nan sai a shiga intanet, a rubuta sunan gundumar da na jiharta tare da kalmomin “sheriff inmate search”, a zaɓi shafin hukumar kanta, wanda adireshinsa kan ƙare da .gov a mafi yawan lokuta. Ina jan kunne ƙwarai game da shafukan 'yan kasuwa waɗanda sukan fito a sama, suna neman lambar katin banki kafin su nuna abin da hukuma take bayarwa kyauta, alhali bayanansu sau da yawa tsofaffi ne. Idan sunan bai fito ba, kada a yi saurin yanke ƙauna ko yin murna, domin shigar da mutum rajista, wato ɗaukar hotonsa da zanen yatsunsa da lissafa kayan aljihunsa, yakan ci awoyi, kuma a Niyok sunan ba ya bayyana a rajistar ma'aikatar sai bayan an gurfanar da mutum gaban alƙali. Ƙananan gundumomi kuma waɗansu ba su da shafin nema, sai dai a buga wa gidan waƙafin waya a tambaya da suna da ranar haihuwa.

In Allah ya sa an dace, abin da zai fito shi ne lambar rajistar mutumin, da ranar da aka shigar da shi, da tuhumar da ake yi masa, da adadin beli in an yanka, da ranar zaman kotu. A rubuta lambar nan a adana, gama da ita ake neman ziyara, da ita ake aika masa kuɗin guzuri, ita ce kuma lauya zai fara tambaya. Amma wajibi ne mai karatu ya fahimci cewa abin da ya gani da'awa ce ta 'yan sanda, ba a riga an tabbatar da ita ba, kuma mai gabatar da ƙara yana iya rage ta ko ya janye ta ɗungum. Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da tabbatar da cewa kawo hujja a wuyan mai da'awa yake, shari'ar Amurka ma a kan wannan asali take tafiya. Don haka yaɗa hoton bawan Allah a WhatsApp yana cikin wannan hali tonon silili ne wanda zai bi shi shekaru ko da an wanke shi, kuma ban ga uzurin da mai yin haka zai kawo ba. Kotun Ƙolin ƙasar ta yanke a 1991 cewa wanda aka kama ba da waranti ba, lalle alƙali ya duba dalilin tsare shi, galibi cikin awa 48. Wanda kuma ba shi da halin ɗaukar lauya a babban laifi, hukuma ce za ta ba shi, bisa hukuncin da kotun ta yanke a 1963.

To, idan an duba gunduma da maƙwabtanta ba a same shi ba, mai yiwuwa yana wani hannun. Wanda aka riga aka yanke wa dogon ɗauri yana rajistar ma'aikatar gidajen yari ta jiha. Fursunonin tarayya suna rajistar hukumar gidajen yarin tarayya, wato BOP, wadda ta ƙunshi sunaye tun daga 1982. Wanda kuwa yake hannun hukumar shige da fice, wato ICE, ana nemansa a shafinta da lambarsa ta baƙi mai alƙaluma tara da ƙasar haihuwarsa, ko da suna da ƙasar haihuwa, amma ba ta nuna wanda bai kai shekara 18 ba. Akwai kuma shafin VINELink, inda a jihohi da yawa ake iya yin rajista a aiko da sanarwa in an saki mutum ko an sauya masa wuri. Baƙo yana da haƙƙin a sanar da ofishin jakadancin ƙasarsa bisa yarjejeniyar Biyana ta 1963, kuma Nijeriya, bayan ofishinta na Washinton, tana da ƙananan ofisoshi a Niyok da Atlanta.

Mas'alar beli tana bukatar natsuwa. Kuɗin da aka ajiye kai tsaye a kotu ana mayar da shi, in ban da ɗan abin da akan cire, matuƙar mutumin ya halarci dukan zamansa. Wanda aka ba dillalin beli kuwa, galibi kashi goma cikin ɗari, wato dala 500 a kan belin dala 5,000, lada ce da ba ta dawowa. Jihar Illinois ma ta soke belin kuɗi tun 2023. Kafin a biya komai, a duba ko rajistar ta nuna ICE ta nemi a riƙe mata shi, domin in haka ne, biyan belin yana iya zama sanadin miƙa shi gare ta, sai a nemi shawarar lauyan da ya san dokar baƙi tukuna. Wanda ya bugo waya ya ce shi jami'i ne, a aiko da kuɗi nan take ta katin kyauta ko asusun wani mutum, ɗan damfara ne; a kashe wayar, a kira lambar da take shafin hukuma. In kuma tsararren da kansa ya samu ya kira gida, a gaishe shi, a kwantar masa da hankali, a tambayi lafiyarsa da ranar kotunsa, amma kada a bar shi ya shiga bayanin abin da ya faru, domin ana naɗar wayoyin gidan waƙafi, kuma mai gabatar da ƙara yana iya kawo maganar a gaban alƙali.